Mafarkin Kuɗin Fansa da Ƙwayoyin Homiyofati

Idan ana lissafin ɓarnar 'yan bindiga a Zamfara, akan faɗi waɗanda aka kashe, da waɗanda aka yi garkuwa da su, da shanun da aka kora, da ƙauyukan da suka watse. Ba a lissafa mutanen da ke kai-komo a kasuwa da masallaci lafiya lau a ido, alhali barci ya ƙaurace musu. Ina cikin waɗannan, kuma ni ba a ma taɓa ɗauke ni ba. Ƙanina aka tare a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ta wajen Tsafe. Ni ne dai dangi suka ɗora wa kai kuɗin fansa cikin daji.

Allah ya kuɓutar da shi, aka yi ta zuwa barka, kowa ya koma harkarsa. Daga nan nawa ya fara. Ƙirjina ya riƙa ɗaurewa, cikina yana zafi, da rana a aji sai in ga alli yana rawa a hannuna. Mafarki ɗaya ne kuma yake ta dawo mini. Ina durƙushe a ƙasa ina ƙirga kuɗi daga baƙar leda, mutane na tsaye a kaina, ba na ganin fuskokinsu sai takalman roba, kuma duk sa'ad da na kusa cikawa sai lissafin ya ɓace in koma farko. Can nesa ƙanina yana kira, "Yaya, Yaya." In farka riga sharkaf da zufa, zuciya na dukan uku-uku.

Na je asibiti. An auna jini, an duba bugun zuciya, aka ce jinina ya ɗan hau, aka ba ni maganinsa da na olsa. Likitan ya yi abin da ya kamata. Layin da ke bayana ya kai har waje, to ina sararin maganar mafarki?

Gwaggona ce ta kawo zancen wani dattijo a nan Gusau, wanda ya yi zama a Indiya ya koyo maganin homiyofati, wani salon magani da ake tsarma sinadari ƙwarai a bayar da shi a 'yan ƙwayoyi. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, na san shakkar da masana kimiyya ke yi a kan wannan magani. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Na tafi.

Ɗakinsa ƙarami ne, da kanta cike da 'yan kwalabe masu farin murfi, da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya sha salatif. Bai taɓa ni ba, bai ɗauko abin awo ba. Tambayoyi ya shiga yi, a hankali, yana rubutawa. Ina son gishiri a miya ko ba na so? Zafin rana ya fi damuna ko sanyin hunturu? Idan raina ya ɓaci, ina son a rarrashe ni ko a ƙyale ni? Ta wane gefe nake kwanciya? Mun kai daga bayan La'asar har aka kusa kiran Magariba. Can sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, in ka yi kwana, mi kaka gani?"

Na ce, "Baba, wannan ma yana cikin aikin?"

Ya ce shi ne ma kan gaba. Na buɗe baki zan ba shi labarin a taƙaice, sai na ji ina faɗa masa abin da ban faɗa wa matata ba: yadda aka sa ni zama a gindin wata bishiya tun hantsi, da yaron da bai wuce ɗalibaina ba yana wasa da bakin bindiga a gefen kunnena, da yadda hannuna ya ƙi ƙirga kuɗin nan a zahiri, ba a mafarki kaɗai ba. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Wannan tambayar tasa tana da asali. Wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, shi ya kafa homiyofati a 1796, a kan ra'ayin cewa abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamu, kaɗan daga cikinsa zai warkar da majiyyaci mai irin waɗannan alamun. Domin su san alamun kowane sinadari, sai su ba masu lafiya su sha, a rubuta duk abin da suka ji, har da halin zuciya da abin da suka gani a barci. Littafin nan mai salatif na wani likitan Amurka ne, James Tyler Kent, wanda ya fito a 1897, kuma a cikinsa an jera mafarkai iri-iri: na macizai, na faɗowa daga sama, na matattu, na wuta, kowanne da sunayen magunguna a ƙarƙashinsa. Dattijon ya bi da yatsa har ya tsaya a mafarkin ɓarayi. Ya haɗa da son gishirina da ƙin rarrashi, ya zaɓo Natrum muriaticum, wato gishirin girki, mai lamba 30C. Ya zuba mini 'yan ƙwayoyi farare masu zaƙi a takarda, ya ce in sa ƙarƙashin harshe. Ya kuma ce in ajiye littafi kusa da katifa, da na farka in rubuta abin da na gani, da abin da na ci, da abin da ya faru a yinin jiya.

Nan wata damuwa ta taso mini, ta addini. Mun taso da sanin cewa mummunan mafarki ba a ba da labarinsa. Mutum ya yi tofi a hagunsa sau uku, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, ya yi shiru. Na kai maganar ga limamin unguwarmu. Ya tunatar da ni hadisin da ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ke saƙawa a farke sai ya gan shi a barci. Ya ce, "Ɗana, naka ai ba ya neman fassara, abin da ya same ka ne yake maimaita kansa." Ya ƙara da ruwayar Tirmizi da ta ce kada a ba da labarin mafarki sai ga malami ko mai nasiha, ya ce a fahimtarsa mai neman magani bai saɓa ba idan ya faɗa wa wanda zai taimake shi. Na ci gaba da addu'o'in kwanciya, na kuma fara rubutu.

Littafin da nake rubutun ya nuna mini abubuwan da ban lura da su ba. Mafarkin kusan kullum dab da Asuba yake zuwa. Ya fi tsanani a daren da na kalli bidiyon hare-hare da ake turawa a WhatsApp, da daren da na sha shayi mai kauri bayan Isha'i, da ranar albashi idan na ƙirga kuɗi a hannu. Zafin cikin ma da shi yake tafiya: safiyar da na tashi daga mafarkin, ko koko ba ya shiga. A nan na gane cewa ƙirjin da cikin da barcin ba cututtuka uku ba ne. Na fita daga zaurukan da ake tura bidiyon, na mai da shayi na safe, na bar wa matata ƙirgar kuɗin cefane.

Duk komawar da na yi, da littafina dattijon yake farawa. A wajen masu homiyofati, sauyin mafarki alama ce ta cewa magani ya fara aiki daga ciki zuwa waje. Ranar da na karanta masa cewa a wannan karon na ɗaga kai na kalli fuskar ɗaya daga cikin mutanen, fuskar dattijon ta cika da murna, ya ce gishirin ya kama.

A nan ne muka rabu da shi a fahimta, kuma na faɗa masa cikin ladabi. Ma'anar 30C ita ce a ɗauki ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99, a girgiza, a sake ɗaukar ɗigo ɗaya daga wannan a zuba cikin wani 99, haka har sau 30. Abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin lambar da ke da sifiri 60. Lissafin da nake koya wa ɗalibai ya nuna tun daga wajen 12C da wuya a samu ko ƙwaya ɗaya ta asalin sinadarin. Gishirin da ke cikin lomar tuwo ɗaya ya fi wanda ke cikin kantarsa kaf. Majalisar binciken lafiya ta Ostareliya ta duba hujjojin da ake da su a 2015, ta ce babu wata cuta da aka samu tabbatacciyar shaida cewa homiyofati na warkarwa. Faransa ta daina biyan kuɗinsa a inshorar gwamnati daga 2021. Ban yarda ƙwayar ce ta sauya mafarkina ba. Amma na yarda, har zuciyata, cewa zaman nan na La'asar zuwa Magariba ya yi mini aiki, kuma ina ganin girman mutumin da ya iya sauraro haka.

Sauƙin bai ɗore yadda na so ba. Da aka sake kai hari a wani ƙauye kusa da garinmu, mafarkin ya dawo da ƙarfi, har da dannau: in farka ina ji ina gani amma ko yatsa ba na iya ɗagawa. Sai na ɗauki littafina na nufi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, a jihar Sakkwato. Can aka yi mini bayanin da ya zauna mini. Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan kowane minti 90, kuma akwai matakin da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata, wanda masana a Jami'ar Chicago suka gano a 1953. A wannan mataki aka fi yin mafarki, yana kuma ƙara tsawo wajen gari ya waye, shi ya sa nawa yake jiran Asuba. Jiki kan saki gaɓoɓi a lokacin don kada mutum ya aikata abin da yake gani, dannau kuwa shi ne hankali ya farka kafin gaɓoɓin su dawo. Sun tambayi sunan maganin hawan jinina, domin wasu, irin su propranolol, suna ƙara mafarkai masu firgitarwa. Nawa ba ya cikinsu.

Abin da suka koya mini mai sauƙi ne har na yi shakkarsa da farko. In zauna da rana, ido biyu, in sake rubuta mafarkin yadda nake so ya ƙare, sannan in riƙa kawo sabon a zuciyata na 'yan mintoci kowace rana. Na rubuta cewa lissafin ya cika tun ƙirgar farko, na ɗaure leda na miƙa, ƙanina ya fito daga bayan bishiya, na goya shi a babur muka kama hanyar Tsafe. Da farko ko rubutawa ba na iya gamawa sai na tashi na sha ruwa. A hankali tsohon ya riƙa jinkirin zuwa, in ya zo ma ba ya tashe ni a firgice. Yanzu sai a jima bai leƙo ba, zafin cikin kuma ya lafa. Maganin hawan jini ina nan ina sha, ban taɓa ajiye shi ba, kuma dattijon, Allah ya saka masa, bai taɓa cewa in ajiye ba.

Wannan wurin nake jin tsoro ga mutanenmu. Na ga uwa a ɗakin dattijon da yaro jikinsa zafi rau, tana cewa yana firgita cikin dare yana ganin abubuwa. A ƙasarmu, musamman da damina, yaro mai zazzaɓi da firgita gwajin maleriya yake bukata a ranar, ba fassarar mafarki ba. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan dogaro da homiyofati wajen maleriya, tarin fuka, cutar ƙanjamau da gudawar jarirai. Na bi matar nan har bakin ƙofa na roƙe ta ta wuce asibiti kafin ta koma gida.

Ƙanina kuwa, sai bayan duk wannan na iya tambayarsa. Muna zaune a zaure bayan Isha'i na ce, "Kai fa, kana samun barci?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce tun dawowarsa bai taɓa kwana da fitila a kashe ba, kuma nasa mafarkin sarƙa ce a ƙafa. Kware ya ƙi ji sam, wai za a ce ya taɓu, ga shi yana neman aure. Ya dai yarda zai fara rubutawa, ya kuma yarda in raka shi wajen likita a nan Gusau da zarar an gama girbin gero.