Yaro na wasansa, mu muna neman tarin fuka a jikinsa

Aikina shi ne duba yaran da ke zaune gida ɗaya da mai tarin fuka. Galibinsu ba tari ba zazzaɓi. Ƙwayar cutar da ta shiga jiki ta lafe nake nema, wadda ba ta ta da ciwo ba, ba ta kuma yaɗuwa. A babba, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne take farkawa tsawon rayuwa. A ɗan ƙasa da shekara 5 haɗarin ya fi haka nesa, tana iya kaiwa ga sanƙarau.

Allurar gwajin Mantoux ba ta da wuya: mililita 0.1 a cikin fatar hannu, wurin ya ɗan tasa. Karatun ne aikin. Bayan awa 48 zuwa 72 uwa za ta miƙo hannun yaro, hankalinta a tashe, tana nuna min jan da ya bazu. Ba a ƙirga ja. Taurin nake lalubawa da yatsa, in sa alama da biro gefe da gefe, in auna. Taurin milimita 10 ke nuna ƙwayar ta shiga jiki, amma ga mai HIV ko tamowa 5 ta isa. Rigakafin tarin fuka na BCG kan rikita sakamakon, gwajin jini na IGRA kuwa bai damu da shi ba, kuma zuwa ɗaya ne. Matasa na fi so in yi wa shi, don dawowa rana ta uku ba halinsu ba ne.

Sakamakon da bai nuna ƙwayar ba, ba ya kwantar min da hankali da wuri. Jiki kan ɗauki mako 8 kafin ya nuna, ƙyanda ma tana iya ɓoye shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba ƙananan yaran gidan maganin kariya ko ba gwaji, muddin an tabbatar ciwon bai tashi ba. Sai in tambayi tari, rama, da ko yaron ya rage wasa, a ɗauki hoton ƙirji in da hali.

"Malama, yaron da ba ya ciwo, maganin me?" Kusan kowane uba sai ya faɗi haka. Nakan ce, "Baba, tun ran gini ran zane." Wata 3 na magungunan isoniazid da rifampicin ya fi wata 6 na isoniazid kaɗai sauƙin karɓa. Kafin su tashi nake gaya musu fitsarin yaro zai koma ja-ja, in ba haka ba a makon farko za a ajiye maganin.