Yadda na riƙe manyan kalmomin Turanci don JAMB da WAEC

Takardar Turanci ta JAMB tana da tambayoyi 60, kuma wani kaso mai kauri daga cikinsu kan ma'anar kalmomi ne: a ja wa kalma layi a cikin jumla, a ce ka zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko wadda take kishiyarta. WAEC ma tana yin irin wannan tambayar. Abin da aikin ya koya mini shi ne, kalma ba ta zama a kai idan ka ɗauke ta tsurarta, ka liƙa mata fassarar Hausa guda ɗaya tal. Sai ka gan ta a cikin jumla, ka san da wa take tafiya, sannan ka tilasta wa ƙwaƙwalwarka ta fito da ita sau da yawa, a ranaku daban-daban.

Farko dai sai zaɓen kalmomin da suka cancanci wahalarka. Ban bi ƙamus daga A zuwa Z ba, domin mafi yawan abin da ke ciki ba za ka taɓa gamuwa da shi ba. Wurare biyu na riƙa ɗebowa. Ɗaya shi ne tsofaffin takardun jarrabawa, har da zaɓin da ba su ne amsa ba, don su ma kan dawo a wata shekarar. Ɗayan kuma jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000 a Jami'ar Victoria da ke Wellington, a ƙasar New Zealand. Gidajen kalmomi 570 ne, wato kowace kalma tare da 'yan'uwanta da suka fito daga tushe ɗaya, an kasa su rukuni goma, na farko shi ne wanda ya fi yawan fitowa a rubutun boko, irin su “analyse”, “assess” da “assume”. Binciken Paul Nation na 2006 ya nuna mai son karanta jaridar Turanci ba tare da tuntuɓe ba yana bukatar gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato ya san kalma 98 cikin kowace 100 da zai ci karo da su a jaridar. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin na watanni ne, ba na mako biyun ƙarshe kafin jarrabawa ba.

Kowace kalma na ba ta ƙaramin kati nata, wanda na yanka daga kwali. A fuska ɗaya na rubuta jumlar da na tsinci kalmar a ciki, na ja mata layi. A bayansa abubuwa huɗu: ma'anarta da sauƙaƙan Turanci, ajinta (suna ce, aikatau ko sifa), kishiyarta idan tana da ita, da kuma Hausar da ta fi kusa da ita. Don ma'anar Turanci na dogara da ƙamusun da aka yi wa masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's da Longman, saboda suna bayani da kalmomi masu sauƙi kuma suna kawo jumlolin misali. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa yana da amfani, amma a ƙarshe nake buɗe shi, bayan na fahimci kalmar.

Dalilin hakan babba ne. Turanci yakan ajiye kalmomi uku ko huɗu a wuri guda, wata ta yabo ce, wata ta zargi, kuma a nan ne masu shirya jarrabawa suke kafa tarko. “Famous” da “notorious” duk sanannu ne, amma na farkon ya shahara ne, na biyun ƙaurin suna ya yi. “Frugal” da “thrifty” mutum ne mai tsimi da tanadi, “stingy” da “miserly” kuwa marowaci ne. Wanda ya rubuta “mai riƙe kuɗi” a bayan dukkan huɗun zai zaɓi amsar da ba ita ba, alhali yana ganin ya san kalmar. Shi ya sa nake sa alamar tarawa ko ta ɗebewa a kusurwar katin, don in tuna ko yabo ne ko suka. Haka ma abokan tafiya: “exacerbate” ba ta hawa kan abin alheri, ciwo ko rikici ko talauci ake tsanantawa da ita.

Saiwoyin Latin da Girkanci sun rage mini aiki ƙwarai. Da zarar ka san “bene” alheri ne, “mal” kuma sharri, ka sami hanyar shiga “benevolent”, “benign”, “malevolent” da “malign”. “Chron” lokaci ne, daga nan “chronic” da “chronology” suka fito. “Loqu” magana ce, ga “eloquent” mai fasahar zance, ga “loquacious” mai yawan surutu. Amma saiwa hasashe take bayarwa, ba hukunci ba, kuma wanda ya amince mata ido rufe zai sha ƙasa. “In” a farkon kalma yakan kore ma'ana, sai ga “invaluable” tana nufin abu mai matuƙar daraja, “inflammable” kuma abin da ke saurin kama wuta. “Enervate” ta yi kama da kuzari, alhali raunana mutum take nufi. “Disinterested” a ƙa'ida wanda ba ya son kai ne a cikin magana, kamar alƙali mai adalci, ba wanda abin bai dame shi ba. Irin waɗannan na ware musu tari na musamman. A cikinsa na sa har da kalmomin da muka saba ba su wata ma'ana a Turancin Nijeriya, kamar “severally”, wadda muke faɗi da nufin sau da yawa, alhali a ƙamus tana nufin kowa daban.

Inda yawancin mutane ke faɗuwa shi ne bita. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya ta lafa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan a aikace, hadda ba ta zama sai da tishi. Na bi tsarin da Sebastian Leitner, Bajamushe, ya bayyana a 1972, sai dai da ambulan biyar maimakon akwati. Sabon kati yana shiga ta ɗaya, wadda ake dubawa kullum. Ta biyu bayan kwana biyu, ta uku bayan huɗu, ta huɗu mako-mako, ta biyar bayan mako biyu. Ka tuna ma'anar, katin ya matsa gaba. Ka kasa, ya koma ta ɗaya, ko da daga ta biyar yake. Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne faɗin amsar da baki kafin a juya katin. Ido yakan gane kalma ya ce ai na san ta, amma ganewa daban, iya fito da ma'ana daban, kuma na biyun jarrabawa take nema. Mai waya zai iya yin wannan da manhajar Anki, ita ce za ta riƙa lissafa masa ranakun.

Sababbin kalmomi takwas zuwa goma a rana sun isa. Wanda ya ɗauki talatin zai ji daɗi a makon farko, a na uku kuwa katunan bita sun taru sun fi ƙarfinsa, sai ya watsar da komai. Kada kuma a koyi tagwayen kalmomi a rana ɗaya. “Ingenious” mai dabara da “ingenuous” mai zuciya ɗaya marar wayo, ko “mitigate” da “militate”, idan suka shiga kai tare sai su cakuɗe. Nakan bari ɗaya ta kai ambulan ta uku kafin in shigo da 'yar'uwarta.

Furuci ma yana cikin sanin kalma, tunda JAMB tana tambaya kan sauti da gaɓar da ake dannawa. “Indict” ana faɗinta indait, ba a furta b a “subtle”, “epitome” kuma gaɓa huɗu ce, ba uku ba. Ƙamusun intanet na Oxford da Cambridge suna da maɓallin sauraro kyauta, sai in saurara, in maimaita, in rubuta sautin da haruffan Hausa a ƙasan katin.

Ba na fitar da kati daga ambulan ta biyar sai na ƙirƙiri jumla tawa da kalmar, kan abin da na sani, kasuwa ko noma ko siyasar gari, sannan in gwada ta da misalan ƙamus. Idan ƙaramar kalmar da ke bin ta ba daidai ba ce, misali na rubuta “averse from” a inda aka saba cewa “averse to”, katin ya koma ambulan ta uku.