Orkawa ma haifarsu ake yi: yadda za a gina abokan gaba ba tare da la'antar jinsi ba

Duk mai jan wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur da mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda) ko wani mai kama da shi, ko a ɗakin ɗalibai na BUK yake zama ko a zauren gida a Gwammaja, wata rana zai gamu da tambaya ɗaya. An gama faɗa, mayaƙan Orkawa, wato jinsin dodanni masu haure da ake yaƙa a wasan, sun faɗi, 'yan wasa sun kutsa cikin kogo, sai ga mata da ƙananan yara. Me za a yi da su? Tambayar ta tsufa. Kundin kasada na Keep on the Borderlands, wanda Gary Gygax ya rubuta aka fitar a 1979, ya lissafa mata da yara a kogunan halittun da ake yaƙa, kuma har yau ana gardama a kansa. In littafi ya ce jinsin nan mugu ne tun daga cikin uwa, to ƙa'idar wasan da kanta ta halatta kashe jariri. Ni a ganina duk halittar da ake haifa, take reno, take magana, take ciniki, bai kamata a rubuta mata mugunta a jini ba. Mugunta ta zauna a ƙungiya, a rantsuwa, a abin da mutum ya zaɓa ya aikata.

Masu ƙirƙirar wasan ma sun daɗe suna ja da baya a hankali. Bugun farko na 1974 ɓangarori uku kawai ya sani: bin doka, tsaka-tsaki, da hargitsi. Daga baya aka ƙara kirki da mugunta, rukunan hali suka zama tara. A bugu na uku, daga 2000, an fara rubuta wa kowace halitta ko halin nata na "kullum" ne, ko na "galibi", ko na "sau da yawa". Duniyar Eberron ta Keith Baker, wadda ta fito a 2004, ta sa wasu Orkawa a matsayin masu tsaron duniya daga halittun ɓarna. Amma a 2016 an sake zame ƙafa: littafin halittun wasan mai suna Volo's Guide to Monsters ya rage wa Ba'orken da ɗan wasa zai ɗauka maki 2 daga basira. Kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya soke wannan a 2020, shekarar da ya fito fili ya ce zai gyara yadda yake nuna Orkawa. A littafin 'yan wasa na 2024 Ba'orke ya shiga cikin jinsunan da ake zaɓa tun farko, kuma ƙarin maki ya koma fitowa daga tarbiyya da sana'ar ɗan wasa. Kamfanin Paizo kuwa a 2023 ya cire rukunan halin nan tara gaba ɗaya daga Pathfinder, wasansa mai kama da wannan.

Masu son a bar mugun jinsi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Mutum ya wuni a kasuwar Kwari ko a aji, ya samu awa uku da daddare, yana son ya zare takobi ba tare da an kafa masa kotu ba. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma wasan da kansa ya tanadi abin da zai biya ta: matattun da boka ya tayar, ƙwarangwal masu tafiya, gumakan da aka busa wa sihiri, da halittun ƙasan wuta waɗanda ba a haife su ba, daga mugunta aka ƙera su. Waɗannan ba su da goyo, ba su da gona. Ƙa'idojin bugu na biyar ma nan suka karkata. Sihirin gano mugunta, duk da sunansa, ba ya auna halin kowa. Nau'in halitta yake nunawa a cikin tazarar ƙafa 30, kamar matattu masu yawo da halittun wuta da na sama. Ba'orke zai wuce ta gabansa bai nuna komai ba.

Mu nan ba ma buƙatar a koya mana wannan daga Amurka. Mun taso muna jin cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa, kuma babu rai mai ɗaukar laifin wani. Suratul Jinni ta faɗa ƙarara cewa cikin aljanu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Ahmad Baba na Timbuktu, a amsar da ya rubuta a 1615 kan bauta, ya ƙi yarda cewa baƙar fata la'ana ce da aka gada. Ɗan wasan da ya san waɗannan, in ka ce masa kowane Ba'orke mugu ne tun ranar suna, wani abu zai tsaya masa a rai ko bai furta ba.

To yaya ake yi a aikace? Ɗauki takarda, ka raba jinsin gida uku, kada ka bar shi dunƙule. A ce duniyarka tana da hanyar fatake da ta ratsa wani dutse, irin ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro. Orkawan dutsen akwai 'yan tare hanya, ƙarƙashin wani jarumi mai sayar da waɗanda ya kama. Akwai maƙera da makiyaya masu kawo kaya zango, waɗanda cinikinsu ke mutuwa duk lokacin da aka fasa ayari. Akwai kuma dattawa masu riƙe da tsohuwar yarjejeniyar kuɗin fito da madugai. Kowane gida ka rubuta masa layi huɗu: abin da suke so, wanda ke ba su umarni, abin da zai sa su ajiye makami, da wanda ke adawa da su a cikin danginsu. Layi na huɗun nan shi ne ƙofar da 'yan wasa za su shiga, kuma shi ake yawan mantawa.

Sannan ka ba miyagun alama da ido zai gani. Jan ƙyalle a bakin mashi, ko sarƙoƙin ɗaure bayi a rataye a ɗamara. Ka nuna laifinsu kafin faɗa: rumbun da aka ƙone, jakunan ayari da aka kora, wanda ya tsira yana ba da labari. Da zarar 'yan wasa sun ga jan ƙyalle sun san babu buƙatar dogon shawara, mai son faɗa ya samu faɗansa, amma dalilin kisan aiki ne da aka gani, ba launin fata ko haure ba.

Akwai tsofaffin ƙa'idoji biyu daga bugun 1981 da suka fi kowace lacca amfani a nan, kuma ƙwayoyin lido biyu masu fuska shida sun isa. Ta farko ita ce jifar tarba. In an yi kiciɓis da wata ƙungiya, a jefa biyun a haɗa: 2 farmaki nan take, 3 zuwa 5 gaba, 6 zuwa 8 suna shakka, 9 zuwa 11 za su saurari tayi, 12 maraba. Cikin haɗuwa 36 da ƙwayoyin ke iya bayarwa, 16 suna faɗawa a shakka, ɗaya tak ke faɗawa a farmaki. Ga 'yan jan ƙyalle ka rage 3, ga maƙera ka ƙara 1. Ta biyu jifar ƙarfin zuciya ce. Ka ba Orkawa lamba 8 in shugabansu yana tsaye, 6 in ya faɗi. A jefa sa'ad da na farkonsu ya mutu, a sake jefawa in rabinsu sun zube. In jifar ta haura lambar, su gudu ko su miƙa wuya. Da shugaba damar karyewarsu 10 ce cikin 36, babu shi ta koma 21. Nan take 'yan wasa za su gane cewa kayar da jarumin ya fi ƙarar da kowa sauƙi.

Makin ci gaba kuma, wanda ke ɗaga matsayin ɗan wasa, dole a daidaita shi, in ba haka ba duk aikin ya rushe. A ƙa'idar bugu na biyar ta 2014 Ba'orke ɗaya maki 100 ne. In kisa kaɗai ke kawo makin, 'yan wasa za su kashe, komai kyan labarinka. Ka ba da 100 ɗin nan cif ko an kashe shi, ko an kore shi, ko an kama shi, ko an sasanta. Ko kuma ka bar lissafin, ka ɗaga matsayi duk sa'ad da aka kammala babban mataki a labarin. Ka kuma tuna wa 'yan wasa cewa wanda ya kai bugun ƙarshe da makamin hannu yana iya zaɓar ya sumar kawai.

Abin da ya fi lalacewa shi ne mai jan wasa ya mai da kowace nasara abin kunya. An ci faɗa da ƙyar, sai ya ce ga wasiƙar 'yar marigayin a aljihu. Sau ɗaya a dogon labari yana ratsa zuciya. In ya zama kullum, 'yan wasa za su daina yarda da kai, ko su daina kula da kowa. Na biyu shi ne fursunoni. In babu inda za a kai wanda ya miƙa wuya, za a yanka shi don kawai a ci gaba da tafiya. Ka tanadi mafita tun kafin zama: alƙali a zango, fansa da dangi za su biya, diyya, ko rantsuwar barin dutsen. Sulhu ma yana iya cinye daren, don haka ka yanke masa iyaka, jifa uku ko minti goma, daga nan wani abu ya faru.

Akwai dabaru biyu da ake ɗauka gyara ne alhali ba su gyara komai. Ɗaya ita ce "nagari guda": dukkansu miyagu ne sai wannan da ya gudo. Hukuncin jinsin yana nan daram, an dai ba mutum ɗaya takardar wucewa. Ɗayar ita ce a ce ba jininsu ba ne, al'adarsu ce, sannan a sa kowa cikinsu ya bi al'adar ba mai ja. Shi ya sa na nace a kan gida uku masu saɓani.

Abin da ya fi damuna a Kano shi ne aron kamannin mutane na gaske. Kada ka ba miyagunka tsagar fuskar wata ƙabila, ko karin harshenta, ko sandarta da malfarta, ko sunayenta. A teburi ɗaya za ka iya samun Bafulatani, Babarbare, da abokin da ya taho daga Sabon Gari, a lokacin da ake jingina laifin 'yan bindiga ga ƙabila sukutum. Wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zage-zagi yana tafiya ne don kowa na iya ramawa. Halittar da aka rubuta don a kashe ta ba ta da bakin ramawa. Ka ƙirƙiri sutura da sunaye daga yanayin wurin, dutse ne ko fadama, ka kuma sa 'yan Adam da sauran jinsuna cikin 'yan jan ƙyallen, kamar kashi ɗaya cikin uku.

Kafin a fara dogon labari, a ware rabin awa a zaman farko a tambayi kowa abu uku: ko yara za su bayyana a wuraren faɗa, ko bauta za ta shigo labarin da kuma iyakar yadda za a kwatanta ta, da ko akwai wanda ba ya son a sa aljanu ko gumaka a wasan. A rubuta amsoshin a bayan takardar mai jan wasa, a sake karanta su duk lokacin da sabon ɗan wasa ya shigo.