Abin da ɗakin faifai ya koya mini

Duk wanda ya yi aikin rediyo a Katsina ya san yadda bikin cikar shiri shekara 30 yake zuwa. Ana saura mako biyu sai takarda ta sauko daga sama: a nemo fitowar farko, a nemo muryar wanda ya fara gabatarwa, a haɗa tarihin minti 20. Sai an buɗe kabad a tarar babu.

Sashen Hausa na BBC yana iya faɗar ranar haihuwarsa: 13 ga Maris 1957, shiri na minti 15, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, ɗan ƙasar nan tamu. Ana faɗar haka ne saboda wani ya rubuta ya adana. Amma ɗauki wani shirin labarai da hira na gida, ko da wanda aka fara bayan an ƙirƙiro jihar a 1987, ka tambayi tsofaffin ma'aikata uku yaushe ya soma. Amsa uku za ka samu.

Asalin ɓarnar, lissafin kuɗi ne. Faifan ɗaukar murya irin na da, mai naɗin zare, mai faɗin inci 7, yana da zare ƙafa 1,200, a gudun inci 7 da rabi cikin daƙiƙa yana ɗaukar minti 32, wato shirin rabin awa ɗaya tak. Shirin mako-mako zai ci faifai 52 a shekara, na kullum kuwa ba a magana. Da sito ya ce babu sabo, sai umarni ya zo a goge tsoho a ɗauka a kai. Na'urar gogewa ba ta tambayar muryar wa ke ciki. Cikin 'yan daƙiƙoƙi hirar da aka yi da dattijon da ya ga zamanin Sarki Dikko ta tafi, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya fi ciwo, umarnin da baki ake ba da shi, a tsaye, a bakin ƙofa. “Malam, a samo mana faifai goma kafin azahar.” Bayan shekaru, ranar da aka nemi tarihin aka rasa, wanda ya yi maganar ya zama babba ko ya yi ritaya da lambar yabo, ƙaramin ma'aikacin laburare shi ake kira ya yi bayani. Wannan zalunci ne, kuma har yau ana yinsa, sai dai yanzu cewa ake “kwamfuta ta cika, a rage”. Don haka kada ka goge komai sai da takarda mai sa hannu da kwanan wata. Ka ce, “Ranka ya daɗe, a rubuta mini.” Zai ɓata rai na yini ɗaya. Idan gogewar ta zama dole, ka cire fitowar farko, da ranar da aka sauya mai gabatarwa, da hirar duk wani dattijo, da na ranakun zaɓe, da taken shirin na kowane zamani.

Faifan da suka tsira ma ba su huta ba. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da raɓar Agusta, da ƙurar hunturu, duk suna cin zare. Faifan shekarun 1970 da 1980 da yawa suna shan danshi su yi danƙo. Alamarsa ƙara mai tsini idan yana juyawa, da baƙin datti a kan na'ura. Da ka ji haka ka tsayar, domin muryar ce take kankarewa. Maganinsa a gasa shi na sa'o'i a zafi tsayayye wajen digiri 50, a bar shi ya huce, a kwafe cikin 'yan kwanaki. Ba a shanya shi a rana, ba a sa shi a murhun girki. Wanda yake warin tsami kuwa irinsa daban ne, gasawa lalata shi take yi. A ware shi daga sauran, a fara kwafarsa. A jera faifai a tsaye, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da lasifika saboda maganaɗisu.

Wajen kwafa a kwamfuta, a yi WAV, wato nau'in fayil ɗin da ba ya rage komai daga sautin, a saita ingancinsa aƙalla 48 kHz da 24 bit. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait ɗaya, shi ya sa ake gudu zuwa MP3, amma abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. Kwafi uku, ɗaya a wani gini daban. Filash ɗin aljihun furodusa ba ma'ajiya ba ce.

Sauran darussan gajeru ne. A rubuta rana, da sunan baƙo, da na mai gabatarwa a jikin kwali da sunan fayil, kafin a bar situdiyo. Littafin jerin shirye-shirye ba na kunna wuta ba ne. Kaset C120, mai ɗaukar minti 120, zarensa siriri ne, na'ura tana taunawa.

Inda faifai ya ɓace, masu muryar da suka rage suna nan a unguwanninsu, a Katsina da Daura da Funtuwa. A je da rakoda a gaishe su, a zauna awa biyu, a tambaye su wa ya raɗa wa shirin suna, ƙarfe nawa yake fita a farko, kuma wace rana aka taɓa hana shi fita.