Hidimar Bishara a Ƙasar Maraɗi: Abin da Gidanmu Ya Gani

A Tudun Wada ta Kaduna aka haife ni, iyayena kuwa mutanen Wusasa ne. Da Hausa na koyi addu'a, da Littafin Waƙoƙi aka rene ni, kuma ƙawayena na ƙuruciya rabinsu Musulmi ne. Rikicin shekarar 2000 ne ya tashe mu, muka haye kogi muka koma Narayi, kamar yadda dubban iyalai suka yi, wasu suka yi kudu wasu suka yi arewa. Daga nan Kaduna ta zama gari biyu. Na yi aure, na haifi 'ya'yana na fari a unguwar da za ka wuni ba ka gaisa da Musulmi ba sai in ka shiga kasuwa. Na faɗi wannan ne domin a san irin mutanen da ikkilisiya ta ɗora wa hannu ta aika Nijar: mun iya harshen mutanen da za mu je wurinsu, amma mun manta yadda ake zama katanga ɗaya da su.

Baban yara malamin makaranta ne kafin ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki. Da ya gaya mini yana jin kira zuwa Nijar, ban yi masa gardama ba, sai dai na ce ya ba ni lokaci in yi tawa addu'ar, don kiran da aka yi wa miji ba ya ɗaukar wa mace tulun ruwa. Dangi sun kasu. Wasu suka ce ai Nijar gida ce, wannan ma har a kira shi zuwa ƙasar waje? Wasu suka ce ina za ku da ƙananan yara, ƙasar da aka yi yunwa a 2005 har duniya ta ji? Kowa da tasa gaskiyar.

Daga tashar Kawo muka tashi, muka bi ta Zariya da Funtuwa zuwa Katsina, muka ƙetare iyaka ta Jibiya, sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Tafiyar wuni guda ce, amma kana haye iyaka za ka san ka bar gida. Takardu da Faransanci, jandarma a hanya, kuɗi kuma sefa, wanda ake lissafinsa da dala, kowace dala tamma biyar, wato sefa biyar. Na daɗe ina tsayawa gaban mai tumatir ina lissafi a zuci kafin hannuna ya saba.

Ba mu ne muka fara ba, kuma sanin haka ya rage mana ɗaga kai. Tun 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, nan ƙasar Kaduna, Kent kuma a Bida. Ƙungiyar da ta fito daga wannan tafiya, SIM, ta isa Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ga kuma asibitin kutare na Danja da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri kusa da Maraɗi. 'Yan Najeriya ma sun daɗe suna aika nasu, don ƙungiyarsu ta aika masu bishara, EMS, tun 1948 take. Da muka je mun tarar da dattawa masu bi waɗanda suka riƙe bangaskiya tun kafin a haife mu, wasu da yatsun da kuturta ta cinye suke buɗe Littafi. Duk da haka Kirista a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma a ƙauyen da aka ajiye mu gidajen masu bi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ɗakuna biyu muka kama haya a gefen gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi. Katanga ɗaya, rijiya ɗaya. Uwargidansa, wadda kowa ke ce wa Inna, ita ce ta fara leƙo ni. Ta dubi murhuna, ta dubi yarana, ta ce, "Matar Malam, ba a dafa tuwo sau biyu a garin nan, itace tsada gare shi. Ki koyi dama fura." Ita ta koya mini sussukar gero da surfe da shiƙa, ta nuna mini yadda ake dambun zogale da ƙuli-ƙuli, ta gaya mini gidan da ake fara gaisarwa in an shiga unguwa da wanda ake bari sai ƙarshe.

A nan na gane inda aikin yake. Baban yara yana wa'azi ranar Lahadi a ƙarƙashin rumfar kara, mutane ƙalilan ne ke ji. Sauran kwana shida kuwa gari duka gidanmu yake karantawa. Suna kallon yadda yake yi mini magana. Suna kallon ko na mayar da turmin da na ara a kan lokaci, ko ɗana ya durƙusa ya gaida manya, ko mun biya bashin mai kanti ba tare da an aiko ba. Idan an yi haihuwa ana duba ko na zo barka, ranar suna ko na zo da wuri na kama aiki ko sai da aka sauke tukunya. Idan an yi rasuwa, baban yara yakan bi maza zuwa maƙabarta, ya tsaya gefe har a gama salla, ya sa hannu a haƙa da rufewa, sannan ya zauna zaman makoki. Da azumi nakan aika kunu gidan Inna, da salla nama ya shigo mana, da Kirsimeti ni ma in raba shinkafa gida-gida. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ake iya rubutawa a rahoton wata uku da ake aika wa ikkilisiya, amma ba don su ba da babu wanda zai taɓa tsayawa ya tambaye mu wane ne Yesu Almasihu.

Kuma an tambaya. Ba a taron jama'a ba, da dare ne, bayan isha'i, mutum ya yi sallama a hankali ya ce yana son ganin Malam. Wata mata ta tambaye ni a bakin rijiya dalilin da ya sa nake waƙa bayan na yi ɓari. Irin waɗannan tambayoyi su ne ƙofar, kuma ba mu muke buɗe ta ba. Ina jin ciwo idan na ji ana zargin cewa da kuɗi ko buhun masara ake sayen mutane. Wanda ya ga abin da sabon mai bi yake sha ba zai faɗi haka ba. Wani saurayi da ya ba da gaskiya, an hana shi cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, an fasa ba shi yarinyar da aka yi masa baiko da ita, gonar da yake nomawa aka karɓe. A zaurenmu ya kwana har damina ta wuce. Shi ya sa baban yara ba ya gaggawar yi wa kowa baftisma. Yakan ce wa mutum ya je ya ƙara tunani, ya ci gaba da girmama iyayensa fiye da dā, kada ya zagi addinin gidansu, kada kuma ya gudu daga gari in ba dole ba.

Noma ya ba mu wurin zama a cikin maza. Tun 1983 wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a ƙasar Maraɗi cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka sassabe sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa ba. Baban yara ya koyi wannan a hannun manoman wurin, ya yi a gonar aron da Alhaji ya ba mu. Gawo ya fi komai amfani, don da damina yake zubar da ganye, sai gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma dabbobi su samu inuwa da 'ya'yansa. Hirar da aka yi da shi a bakin gona ta fi wadda aka yi a majami'a yawa. Ni kuma na riƙe ajin yaƙi da jahilci na mata da la'asar, sannan da raka marasa lafiya Danja ko Galmi. Mace mai yoyon fitsari da aka ware ta shekaru, ka kai ta a yi mata aiki ta dawo a bushe, danginta ba sa mantawa.

Sai Janairun 2015. Bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram ranar 16, washegari a Yamai. An ƙone majami'u da dama, aƙalla mutum 10 suka rasa rayukansu. Mu ma zanen ya ɓata mana rai, ba mu da hannu a ciki, amma wuta ba ta tambaya. Ni da na ga Kaduna a 2000, jikina ya mutu, na fara ɗaure kaya. Inna ta shigo ta kwance ƙullin da hannunta, ta kwashe yarana zuwa ɗakinta. Alhaji ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, liman ya zo ya zauna kusa da shi, suka kwana a nan suna jan carbi. Abin da Alhaji ya ce wa baban yara shi ne, "Malam, kai baƙona ne, amanarka tana wuyana." Ba ko'ina aka samu haka ba. Muna da abokan hidima a Damagaram da suka fita da kayan jikinsu kawai, kuma ba don sun kasa zaman lafiya da maƙwabta ba ne.

Kuɗi kuwa kullum cikin lissafi muke. Da naira ake tallafa mana, da sefa muke ci. Lokacin da muka je, jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, wajen naira 300 ce, kafin mu dawo ta haura naira 2,000. Baikon masu bi bai ragu ba, ƙarfinsa ne ya zube a hanya. Zumuntar matan ikkilisiyarmu ta Kaduna ta riƙe mu riƙo na gaske: garin masara, manja, sabulu, kayan yara na gwanjo, su ba direba a Kawo ya kawo har Maraɗi. Yawancinsu masu sayar da ƙosai ne da gwauraye da ƙananan ma'aikata. Na koyi ɗinki da kiwon awaki don kada mu zama masu miƙa hannu kullum, kuma ina ba duk matar da za ta fita hidima shawara ta tafi da sana'a a hannu.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne yara. Ba su aka kira ba, amma sun biya nasu kason. Makarantar can da Faransanci ake yi, a watan Oktoba ake komawa, tsarin jarrabawa dabam da namu. Da babbar ta isa shiga sakandare, sai muka maido ta Kaduna wurin yayata. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya na bar ta a Narayi, kuma duk abin da uwa ke koya wa 'yarta a wannan tsakanin, ta waya na koya mata, in an samu layi. Yayata ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Duk da haka akwai abubuwan da sai da ta girma ta gaya mini, kuma na yi kuka da na ji. Ƙananan kuwa can suka tashi, can ne gida a wurinsu. Da muka dawo, 'yan ajinsu suna dariyar Hausarsu, Turanci ya ba su wuya, ƙaramin yakan tambaye ni yaushe za mu koma gida.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka yi wa Shugaba Bazoum ya sa aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, saƙo daga Kaduna ya tsaya cak. Hatsin Alhaji muka ci bashi har aka buɗe iyaka a Maris 2024, muka biya shi, sannan muka fara shirin dawowa. Dama tuntuni baban yara yake shirya wanda zai gaje shi. Saurayin nan da ya kwana a zaurenmu ya yi karatun Littafi Mai Tsarki, ya yi aure, shi ke riƙe da ikkilisiyar yanzu, kuma mahaifiyarsa ta koma aika masa da fura. Ya fi mu sanin garin nesa ba kusa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu muna Kaduna, baban yara yana koyar da matasa masu shirin fita hidima, ni kuma ina zama da matansu. Nakan tambaye su yaushe rabon su haye gada su gaida wata tsohuwar maƙwabciya a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi, in an yi shiru sai in ce mu fara daga nan, mu tafi tare. Dattawan ikkilisiya kuma roƙona gare su guda biyu ne: kafin a ɗora wa iyali hannu a zauna a tsara karatun 'ya'yansu har su gama sakandare, sannan a riƙa lissafa tallafinsu da kuɗin ƙasar da suke zaune. Na kai maganar gaban kwamitin mishan na ikkilisiyarmu, sun karɓi ta farkon, ta biyun kuma an ce za a duba a taron ƙarshen shekara.