Kafin ka sayi madubin hangen nesa mai auna tazara don farauta

Ƙannena masu sha'awar farauta, abin da ya fi cinye mana kuɗi a harkar madubin nan shi ne lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Ka ga an rubuta 5000, sai ka ɗauka duk dabbar da ke cikin wannan nisa zai faɗa maka tazararta. Ina! Madubin yana harba hasken lesa ne da ido ba ya gani, hasken ya bugi abu ya dawo, na'urar ta lissafa nisa daga lokacin da ya ɗauka. Babbar lambar kuwa a kan abu mai ƙyalli ake samun ta, irin su allon hanya. Gashin barewa shanye haske yake yi, ga jikinta ƙarami. Dubi Vortex Fury HD 5000: kamfanin da kansa ya ce yadi 5000 a kan abu mai ƙyalli, amma yadi 1600 a kan dabba. Lambar dabbar za ka nema a takardar bayani. Ka kuma lura ko yadi ne ko mita, don yadi 100 mita 91 ne da ɗan ɗoriya.

Ga tambayar da mai shago ba zai yi maka ba: wace bindiga ke hannunka? In adaka ce, wadda sai dabba ta matso kusa ake ɗana ta, mai awo ba zai ƙara maka komai ba. Sayi madubi zalla mai kyau ka adana canjinka. Awo yana amfani ne ga mai bindigar da ke kai harsashi mita 200 zuwa sama, inda harsashin ke fara sunkuyawa sosai, ko ga mai baka, wanda kuskuren mita biyar kan sa kibiyarsa ta wuce sama ko ta faɗi ƙasa.

Gilashi ya kamata ya fi cin hankalinka, domin kusan duk wunin dubawa kake yi, awon kuwa daƙiƙa biyu ne. A lambar da ake rubutawa a jikin madubi, kamar 8x42, takwas ɗin girman kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Raba 42 da 8, ka samu milimita 5.25, faɗin hasken da ke shiga idonka ke nan. A 10x42 kuwa 4.2 ne. Da rana tsaka ba za ka ga bambanci ba, sai da asuba ko gab da magariba, lokacin da gada da mazo ke fitowa. A daji mai duhuwa 8x42 ya fi, yana nuna fili mai faɗi kuma rawar hannu ba ta damunsa. A sarari 10x42 ya fi. Mai 12 sai da abin ɗorawa, in ba haka ba ɗigon awon, wanda kake gani a cikin madubin kana saita shi a kan abin da za ka auna, zai yi ta rawa a kan dabbar. Saboda haka ka je shago da yamma liƙis, ka leƙa ƙarƙashin inuwar bishiya da shi. Mai sa tabarau ya nemi wanda tazarar ido da gilashi ta kai milimita 16.

Hasken lesa buɗewa yake yi yana tafiya. Ana rubuta buɗewar da mrad, wani ma'auni na ƙaramar kusurwa: mai 1.5 ya kai faɗin santimita 75 a mita 500. Wannan faɗin ne ke sa ya kama ciyawa ko reshen da ke gaban dabba ya ba ka lambar ƙarya. Maganinta tsarin da ke watsar da abu na farko ya ɗauki na ƙarshe, sai kuma ka danne maɓalli kana goga ɗigon a jikin dabbar kana kallon yadda lamba ke sauyawa. Hazon hunturu, ruwan sama da hasken rana mai tsanani duk suna rage nisan da yake kamawa.

A wuri mai duwatsu, kada ka sayi wanda ba ya lissafa gangara. Dabba tana mita 300 a gangaren digiri 30, amma harsashi zai sunkuya ne kamar na mita 260. In ka saita a 300, harsashin zai wuce ta samanta.

Lambobi jajaye masu sauya haske sun fi baƙaƙe, waɗanda ke ɓacewa da duhu ya kawo kai. Yawancin waɗannan madubai suna da zobe biyu na saita ido, ɗaya na lambobin, ɗaya na hoton. Mutane da yawa kan saita ɗaya su bar ɗaya, sannan su ce madubin na sa musu ciwon kai.

Batirinsu galibi CR2 ne mai bolt 3, kuma ba kowace kasuwa ake samun sa ba, don haka ka sayi biyu ko uku tun ranar farko. Nauyinsu kan kusa kilo ɗaya, igiyar wuya za ta gajiyar da kai, nemi jakar ƙirji. Ka karanta garanti da kyau, kamfanoni da dama suna ba gilashi shekaru masu yawa, ɓangaren lantarki kuma kaɗan. In na hannu za ka saya, auna bangon da ka san nisansa sau uku, sannan ka auna siririn turken lantarki daga nesa ka ga ko hasken na sauka daidai inda ɗigon ke nunawa. Ƙurar hunturu kuma hure ta ake fara yi kafin a sa ƙyalle, goge ta da bakin riga shi ke kankare rufin gilashin.