Adireshin da na ajiye wa kanel

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa makullin ɗakin gwaji. Waɗanda muka yi aiki tare a nan Katsina sun san labarin akwatunan da muka kafa a rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a ƙauyukan Daura, Mai'adua da Zango, sun kuma san yadda aka ba da labarin a ofis. Abin da ya faru a cikin akwatunan shi ne ba a taɓa zama an faɗa ba.

Ni na rubuta direban, wato kod ɗin da ke magana da ma'aunai kai tsaye, wanda ke karanto awon ruwa da ƙarfin wuta, tun zamanin allon kwamfutarmu na farko mai tafiya da uClinux, wani nau'in manhajar Linux, wanda furosesarsa ba ta da MMU, wato sashen da ke fassara adireshin ƙwaƙwalwa. A irin wannan allo adireshi ɗaya ne ga kowa, abin da furogiram ke gani shi kanel, wato zuciyar Linux mai kula da na'urar gaba ɗaya, ke gani. Sai na ƙirƙiro dabarar da na daɗe ina alfahari da ita: furogiram ya miƙa wa direba adireshin rumbunsa na ƙwaƙwalwa sau ɗaya ta ioctl, hanyar aika wa direba umarni, direba ya ajiye shi, duk lokacin da siginar katse hanzari, wadda ke dakatar da furosesa daga abin da take yi, ta iso daga ma'auni sai ya zuba awon a can kai tsaye da memcpy, umarnin kwafi na yau da kullum. Dabarar ta yi sauri, ba ta kuma taɓa ba ni kunya ba.

Da muka koma allo mai Cortex-A8, furosesar ARM da ke da MMU, da Linux 3.14, kod ɗin ya haɗu ba tare da ƙorafi ba. Na nemi mako biyu in sake bin direban layi-layi, shugabanmu ya ce, "Malam, abin da yake aiki ba a taɓa shi, masu kwangila kuma ba za su jira ka gama karatu ba." Na ce, "To, yallaɓai." Laifina a nan shi ne ban dage ba, domin ni kaina ban san takamaiman abin da nake tsoro ba.

Abin tsoron kuwa yana nan. A ARM mai bit 32, Linux kan raba gigabait 4 na adireshi gida biyu: daga 0xC0000000 zuwa sama na kanel ne, kuma iri ɗaya ne a kowane lokaci, wajen gigabait 3 na ƙasa kuwa na furogiram ɗin da ke kan furosesa ne a wannan daƙiƙar, da zarar an sauya furogiram sai a sauya jadawalin shafuka, wato jadawalin da ke nuna wane shafin ƙwaƙwalwa kowane adireshi ke nufi, ma'anar kowane adireshi ta canza. Kamar a ce da mutum "gida na uku bayan masallaci" ne: idan yana Ƙofar Soro gida ɗaya ake nufi, idan yana Ƙofar Ƙaura wani gidan ne daban. Siginar katse hanzari ba ta tambayar wace unguwa ake ciki. A kan teburin gwaji furogiram ɗinmu ne kusan kaɗai ke motsi, ko ya yi barci ma kanel na ci gaba da riƙe jadawalin wanda ya sauka na ƙarshe, saboda haka awon na faɗawa inda ya dace. A ƙauye kuwa furogiram ɗin modem yakan farka ya aika bayanai, idan siginar ta riske shi sai direbana ya zuba awon ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, in kuma babu shafi a wannan adireshi sai kanel ɗin gaba ɗaya ya faɗi.

Wata uku muna zaryar hanyar Daura. An zargi zafi, an zargi ƙura, an sauya batura, har fanka aka liƙa wa wasu akwatunan. Gaskiya ta fito ne ba da wayon kowa ba, ranar da na gwada Linux 4.4 saboda wani sabon modem, allon ya faɗi a daƙiƙar farko a gabana. Tun daga fitowar 4.3 a 2015, Russell King ya sa wa ARM mai bit 32 wata kariya da ke amfani da tsarin yankuna 16 na furosesar, wadda ke kulle ɓangaren furogiram daga kanel sai ta ƙofar da aka tanada. Furosesa masu ARMv8.1 suna da irinta a jikinsu, ana kiranta PAN. Abin da tsohon kanel ya yi ta haɗiyewa, sabon ya tofar da shi nan take.

Ƙofar ita ce copy_to_user da copy_from_user, umarnin kwafi tsakanin kanel da furogiram, waɗanda a da nake wa kallon memcpy mai yawan iyayi, domin a allon da ba shi da MMU kusan hakan suke. A daren na karanta su da kyau. Da farko access_ok na tabbatar da cewa adireshin bai tsallaka ɓangaren kanel ba. Sannan duk umarnin da ke taɓa ƙwaƙwalwar furogiram an rubuta wurinsa a wani jadawali na musamman, ta yadda idan adireshin na banza ne kanel ba zai faɗi ba, zai koma wani ɗan kod na gyara, a dawo da adadin bait ɗin da ba a kwafa ba, direba kuma ya mayar da EFAULT, lambar kuskuren adireshi. Idan adireshin halal ne amma shafin bai shigo ba, sai a jira a kawo shi, jira kuwa barci ne, shi ya sa ba a kiransu a cikin katse hanzari ko ana riƙe da spinlock, makullin kanel da ba a barci da shi a hannu. Gyaran bai kai layi 50 ba: siginar ta zuba awon a rumbun kanel ta tashi furogiram, shi kuma ya kira read, a kwafa masa yana kan furosesa da kansa.

Da safe na kai wa shugabanmu bayanin duka, ban ɓoye cewa kuskuren nawa ne ba. A taron da aka yi da masu kwangila ya ce wani ƙaramin ma'aikaci ne ya yi sakaci, ina zaune a gefensa. A rahoton kuma sauya kanel ya zama hangen nesan shugabanci. Mako biyun da na nema ba su fito a ko'ina ba, kuɗin fankokin ma haka.

Sauran abubuwan gajeru ne. A riƙa duba abin da copy_from_user ya dawo da shi. A kwafo bayani sau ɗaya a yi aiki da kwafin, domin furogiram na iya sauya shi tsakanin karatu biyu. A sa wa adireshin furogiram alamar __user a kuma bi kod da sparse, furogiram mai binciko irin wannan kuskure, wanda Linus Torvalds ya fara tun 2003, da ya nuna mini laifin a cikin minti ɗaya. Kada a yarda da gwajin da aka yi modem yana a kashe. Wanda kuma aka hana shi lokacin bita, ya nemi a hana shi a rubuce.

Akwatunan suna aika awonsu har yau, ban ji an sake tura mota Daura saboda su ba. A saman fayil ɗin direban na bar wa wanda zai gaje ni bayani na layi shida, tsohon allon marar MMU kuma yana aljihun tebur na ƙasa, da tsohon kod ɗin a cikinsa yana aiki lafiya lau.